Silinda Shida a Motar Baba

Onne, Jihar Ribas
Watan Maris

Asama'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jinya, ina gaida Baba, ina gaida yaranki duka. Allah ya sa zafin bana bai matsa muku ba.

Ni dai da sauƙi. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma yana bin sawunsa. Ɗakin injin jirgin ruwa ba ya barin mutum da ji. Don haka ki daina ƙona katinki kina kirana, muryarki tana zuwa mini kamar daga ƙarƙashin ruwa. In mun fita teku ma babu sabis. Takarda ta fi mini. Zakariya mai tirelar taki yana hawa yana saukowa, ki riƙa ba shi amsa in ya tsaya a Madalla.

To ga magana. A bayan tirelarsa, ƙarƙashin tamfol, akwai inji. Na Marsandi ne, irin na wadda ake ce wa bibut, silinda shida a jere. Daga motar wani Ikenna na ciro shi, tifa ce ta murƙushe mata baya, gaban kuwa ko ƙwarzane babu. Na ɗora tafin hannuna a kansa yana aiki, tunda kunne ba ya yi. Lafiyayye ne.

Kin ce gyambon ƙafar Baba yana son likitan Gwagwalada duk mako, shi kuma ya rantse ba zai shiga motar kowa ba sai tasa, ba kuma mai jan sa sai ke, don shi ya koya miki. Ban yi mamaki ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa Alhaji har aka sallame shi da motar, kowane direba a wurinsa ɗan koyo ne, ko da suga ya cinye masa ido. Amma tsohuwar Marsandin nan ta gaji. Tun 1978 silinda huɗun nan suke jan ta. Baƙin mai take sha kamar kunu, kuma ke da bakinki kika ce sau biyu tana mace muku kafin Zuba.

Ki kai wa Gbenga motar da injin, a garejinsa na Madalla. Mahaifinsa, marigayi Oladipo, shi ya riƙa taɓa ta tun muna yara, don haka ya san ta. Kada ki gaya wa Baba sai an gama. In ya ji, gardama zai yi har damina ta wuce, ƙafar kuma ba ta jira.

Ƙaninmu Mahmudu yana nan Abuja da motar ofis mai sanyi, tafiyar da ba ta kai cin tuwo ba, amma sai ni da ke bakin teku zan yi tunanin yadda za a kai uba asibiti. Ba komai. Kowa da abin da Allah ya ɗora masa.

Yayanki,
Hashim

Magajiya, Suleja
Watan Afrilu

Yaya Hashim,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Allah ya sauwaƙe kunnen. Ƙafar Baba tana nan yadda take, ina wanke ta safe da yamma.

Inji ya iso. Da Gbenga ya yaye tamfol sai ya dafe ƙugu ya ce, "Ah ah! Anti, Oga Hashim mota yake so mu gyara, abi jirgin ruwa za mu haɗa?" Ya ɗauko igiya ya auna injin, ya auna cikin bonet, ya sake aunawa. Ya ce kamar a kwantar da ƙato a gadon yaro ne. Zai shiga, amma sai an tura lagireto gaba, a sa fanka ta lantarki, a yi wa injin sabbin kujeru da walda, a ja wayoyi, a sa famfon mai a baya. Na ce masa ni duk ban gane ba. Ya ce, "No wahala, ni ma sai na fara zan gane."

Na ce wa Baba sabis aka kai ta. Ya ce, "Sabis ɗin me? Wace ƙara ta yi da ban ji ba?"

Yaya, akwai abin da ba ka sani ba, don bayan tafiyarka ya fara, ni kuma ban ɗauke shi abin rubutawa ba sai yanzu da motar ba ta nan. Kullum in ya sha koko, sai ya bi bango da hannu har wurin motar. Ba ya yarda a riƙe shi. Ya shiga mazaunin direba, ya taka totur sau biyu, ya ja cok ɗin nan da ya haɗa da kansa, wanda ya yi wa mariƙi da ƙwarƙwaron zaren keken ɗinkin Inna, ya murɗa makulli. In ta tashi sai ya fito ya buɗe bonet, ya sa bakin cokali a kafireto yana juyawa yana saurare har muryarta ta yi masa daidai. Ba mai iya tayar da ita da sanyin safiya sai shi, ni ma sai ya tayar mini nake karɓa. Maƙwabta har gwadawa suke yana yi musu dariya. Sauran yinin a tabarma yake yin sa.

Tun da aka tafi da ita, yana bin bangon har ƙarshe, ya tsaya a filin, ya dawo.

Na ce wa Gbenga ya dakata, tsohon injin yana ciki tukuna. Ka ba ni izini in gaya wa Baba, ko kuwa mu fasa. Ka amsa da wuri.

Ƙanwarka,
Asama'u

Daga cikin jirgi
Watan Mayu

Asama'u,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan Baba da ku duka kuna lafiya. Mun daɗe a teku muna jan wani jirgin da ya lalace, ban ga takardar kowa ba. Wannan ma wani abokin aiki mai sauka na ba, ya nemi Zakariya.

Ina ɗauka aiki ya yi nisa. Ki karanta wa Gbenga wannan da kyau. Kada ya cire tamosta, mai daidaita zafin inji, ya jefar yadda suka saba, wai ƙasarmu da zafi. Bature ba mahaukaci ba ne da ya sa ta. In kaskon baƙin mai ya taɓa ƙarfen ƙasa, kaskon zai gyara, kada ya yanka jikin motar. Ya duba birki, don doki ya ƙaru, linzami kuwa na da ne. Ya yi sauri. Duk makon da motar ta kwana a gareji, ƙafar Baba ce ke biya.

Ina nan ina hasashen fuskar tsohon ran da za ta haye tudun Zuba ba tare da tari ba.

Hashim

Magajiya, Suleja
Watan Yuni

Yaya,

Gaisuwa. Yara lafiya. Baba kuwa sai ka karanta.

Na jira amsarka har na gaji. Da takardarka ta zo tana cewa a yi sauri, ban ga ka ambaci maganata ba, sai na ɗauka amsar ke nan. Na ce wa Gbenga ya ci gaba.

Ranar Asabar da hantsi ya kawo ta. Tsakani da Allah ya yi aiki. Ban ji shigowarta ba sai da inuwarta ta faɗo a zaure. Baba yana tabarma. Ya ɗaga kai ya ce, "Baƙi muka yi?" Gbenga ya durƙusa ya ce, "Baba, amaryarka ce ta dawo." Baba ya ce, "Kai ɗan Oladipo, ubanka bai taɓa yi mini ƙarya ba, kada ka fara."

Ya tashi ya bi bango. Ya shafa ta tun daga fitila. Ya sami lotsawar nan ta ƙofar baya, ya sami ɗinkin kujera, ya riƙe sitiyari. Na ga fuskarsa ta saki. Ya taka totur sau biyu. Ya miƙa hannu wurin cok, sai yatsansa ya faɗa rami. Gbenga ya cire, don sabon injin ba ya buƙata.

Gbenga, shi da zuciya ɗaya, ya ce, "Baba, yanzu ba wahala o. Taɓa makulli kawai. Ko jikarka Fiddausi za ta iya tayar da ita." Ya zura hannu ta taga ya murɗa. Ta tashi nan take, lumui, kamar ana zuba mai a tulu.

Baba ya zauna yana ji. Ya ce a buɗe bonet. Ya laluba inda kafireto yake, bai samu ba, ƙarfe ya ƙona masa yatsu bai ko janye da sauri ba. Ya ƙirga wayoyin filogi da hannu, ya kai shida. Sannan ya ce, "Wa ya ba da izini?"

Na ce kai ne, kuma don ƙafarsa ka yi.

Ya ce, "Ashe Hashim ya gaje ni ina numfashi. Ku gaya masa ya zo ya ɗauki tabarmar ma."

Tun ranar bai sake bin bangon ba. Ya ce ba zai shiga ba sai an maido masa da injinsa. Na kawo maganar motar haya ya juya mini baya. Mahmudu ya zo da lemo da motar ofis, Baba ya sa masa albarka, ya ƙi shiga. Fiye da wata biyu ke nan likita bai ga ƙafar ba, ta fara wari. In na ambaci sunanka sai ya ce in miƙo masa buta.

Asama'u

Onne
Watan Yuli

Asama'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba ko da ba zai amsa ba.

Mun sauka na tarar da takardunki biyu tare a hannun mai gadi, ta Afrilu a ƙasa, ta Yuni a sama. Na karanta su a jere a tsaye. Da ta farkon ta same ni a kan lokaci, wallahi da na ce a fasa. Ba laifinki ba ne, ba na Zakariya ba ne. Teku ce.

Na gaje shi? Me zan gada? Shekarun nan da nake cikin ramin ƙarfe, zafi kamar tanda, na bar kunnuwana a can, ba na zuwa Sallah, 'ya'yan ƙanwata ba su san fuskata ba, duk don kada a ce gidan direban Alhaji ya rasa magani. Mahmudu ya kawo lemo a leda ya tafi da albarka. Ni na aiko da inji na sami tabarma. Daren da na karanta ban ci abinci ba, na yi ta faɗa da bango, ko muryata ba na ji sosai.

Amma na kwana na tashi, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Motarsa ce. Ba ta gado ba ce, ba tawa ba ce, ban tambaye shi ba. Na ma ce a ɓoye masa, kamar yaron da za a yi wa kaciya. Ni makanike ne. Da wani zai shiga ɗakin injina ina barci ya canja mini abin da hannuna ya sani, ko da zinariya ya musanya, sai mun yi rigima. Ni na ɗauka motar abin zuwa asibiti ce. Ban san ita ce sauran aikin da ya rage masa a duniya ba.

Ki je wurin Gbenga yau. A sauke shidan, a mayar da huɗun, da kafireto da ƙwarƙwaron Inna, kome da kome. In ta mace a hanya ku tura. Gara ta kai shi rabin hanya da a ce ba ya fita. Shidan a jefa a rijiya in an ga dama.

Ki ce masa na ji, kuma za a maido.

Hashim

Magajiya, Suleja
Watan Agusta

Yaya,

Muna gaishe ka. Ruwa ya yi yawa bana, katangar bayan gida ta jiƙa. Baba yana zazzaɓi da yamma.

Babu injin.

Na je Madalla da takardarka. Gbenga ya karanta, ya cire hula ya zauna a kan taya. Ya ce, "Anti, Oga ya rubuta tamosta, ya rubuta birki, ya rubuta kasko. Bai rubuta a ajiye tsoho ba." Ya ce ka san al'adar gareji: abin da aka sauke, in mai mota bai ce a ɗora masa a but ba ranar da ya karɓi motarsa, ya zama na gareji. Ni ban sani ba, ban tambaya ba. Ya ajiye shi har ruwa ya fara shiga, sannan 'yan gwangwan suka zo ya ba su.

Bai tsaya nan ba, ya rufe garejin ya ɗauke ni a babur muka bi sawu. Mai gwangwan ya ce gangar injin ta tafi a tirelar ƙarafa zuwa kamfanin narkarwa. Kan injin da kafireto, da yake na alminiyom ne, wani maƙerin tukwane daga Izom ya saya. Muka je har Izom cikin yayyafi. Mutumin ya nuna mana tukwane a jere suna sheƙi, ya ce, "Hajiya, zaɓi wadda kike so, amma ban san wacce ce Marsandi ba." Ya ga ban yi dariya ba, ya ba mu haƙuri.

Ƙwarƙwaron kaɗai Gbenga ya samo a cikin akwatin sifanu.

Ga shawararsa. Ya san inda zai sami wani tsohon inji irin na Baba a Kaduna. A ɗora shi, a mayar da ƙwarƙwaron, a ce nasa ne aka yi wa garambawul. Ya ce, "Tsoho da tsoho duk tari ɗaya suke yi." Ni na kasa yanke hukunci. Na riga na ce wa Baba za a maido, kullum da safe yana tambaya ko ɗan Oladipo ya zo. Rabon da ya tambayi wani abu tun Yuni.

Ka ce wani abu. In da hali ka zo da kanka.

Asama'u

Onne
Ƙarshen Agusta

Asama'u,

Gaisuwa gare ku. Jikina ba daɗi amma ina aiki.

Ki gaya wa Gbenga ba shi da laifi. Al'adar na san ta, ni ma na ci irin wannan ƙarfen a garejin mutane. Na tuna da tamosta na manta da injin da ya kai mu makaranta. Ki yi masa godiyar Izom.

Kada a kawo na Kaduna. Mutumin da ya gane muryar ba ta motarsa ba ce tun daga zaure, ba za a ruɗe shi da tarin wata ba. Zai taka sau biyu ya ji ba ta amsa yadda ya saba ba, sai ya zama mun yi masa ƙarya sau biyu, kuma wannan karon ma har da ke a ciki. Ke kaɗai ce ya rage yana yarda da ita. Ki gaya masa gaskiya, har da tukwanen. Ki ce ni ne. Ki ba shi ƙwarƙwaron.

Na nemi hutu, sun ce sai wanda zai canje ni ya dawo, shi kuma yana kwance. In na tafi ba izini, aikin ya tafi, maganin Baba ya tafi. Haka aka ɗaure ni.

Hashim

Magajiya, Suleja
Watan Satumba

Yaya Hashim,

Assalamu alaikum. Ka kwantar da hankalinka kafin ka karanta: Baba yana da rai.

Na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, ya karɓi ƙwarƙwaron ya sa a aljihu, ya ce, "Tukwane. To, Allah ya sa a dafa alheri." 

Ranar Talata bayan azahar na same shi ba ya gane kowa, jiki kamar garwashi. Ni da maƙwabta muka ɗauke shi muka sa a motar. Ban tsaya tunanin rantsuwarsa ba. Yaya, motar nan ta yi gudu. Na wuce tireloli a Zuba kamar suna tsaye, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Sun yanke yatsu biyu, sun ceci ƙafar.

Ran da aka sallame mu na tsaya a bakin mota ina tsoron abin da zai ce. Ya shafa ƙofar gaba, inda ya saba zama yana yi mini faɗan giya. Ya wuce ta. Ya buɗe ta baya, ya zauna a bayan direba, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar wanda ya tari tasi. Har muka iso gida bai ce na yi sauri ba, bai ce na taka kuloci da yawa ba. Da gangan na bar ta a giya ta biyu tana kuka, ko zai tanka. Shiru.

Yanzu duk mako muna zuwa, ba gardama. Abin da kake so ya samu.

Jiya na ce masa zan rubuta maka, ko yana da saƙo. Na ɗauka buta zai ce in miƙo. Sai ya ce, "Ki rubuta wa mai motar, ki ce na gode da aro. In na gama da ita za a mayar masa."

Na ce, "Baba, Hashim ne fa, ɗanka." Ya ce, "Na san mai motar."

Na rubuta yadda ya faɗa, don ka ce kada a ƙara ƙarya.

Asama'u

Onne
Watan Oktoba

Asama'u,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da ƙafar. Sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ki, don ni ba ni da abin biyan ki. Ki gaida yara, ki gaida Gbenga, ki ce hannunsa ya yi kyau. Ki gaida Mahmudu ma. Na ji ya kwana biyu a asibitin, wannan ba lemo ba ne, na ba shi.

Kunnen dama ya kusa cika aikinsa. Likitan kamfani ya ce kafin baɗi sai dai in riƙa kallon baki. Da ina cewa in na zo Baba zai zage ni son ransa, in durƙusa in sha, a wuce wurin. Yanzu na ga ba zagin zan samu ba. Zai ce a shimfiɗa wa baƙo tabarma, a kawo masa ruwa, ya tambaye ni hanya. Ban san yadda ake roƙon gafarar mutumin da yake yi maka godiya ba. Duk da haka in wanda zai canje ni ya warke zan zo, in zauna inda aka nuna mini.

Ki riƙa duba ruwan lagireto kafin ku fita. Baƙin mai kada ya wuce wata uku. In kin ji ƙamshin fetur ta baya, ki tsaya, famfon ne.

Saƙonsa kuma ya iso, na karanta shi har takardar ta yi laushi. Ki ba shi amsa yadda na faɗa, kada ki gyara, kada ki ƙara. Ki ce mai motar ya ji, ya ce ba komai. Ki ce ba ya buƙatarta bana, ba ya buƙatarta baɗi. Don Allah kada ya yi gaggawar maidowa.

Yayanki,
Hashim